Sanarwa: Zaman Ranar Asabar

Salamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya? Asabar ɗin nan bayan la'asar muna da zama a inda muka saba, kusa da babbar kasuwar Maradi. Za mu ci gaba da koyon React, kayan aikin gina shafukan intanet, sannan mu taɓa maganar DID, tsarin da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da shi a 2022, wato shaidarka ta intanet tana hannunka, ba a hannun wani kamfani ba da zai rufe maka akawun ya bar ka da hamma.

Don Allah kowa ya sauke Node.js da Git, manhajojin da za mu yi aiki da su, tun gida, wancan karon rezo ya cinye mana awa guda muna kallon allo. A zo da ordinata cike da caji, da dala ɗari na kuɗin data.

Allah ya kai mu lahiya.