Sanarwa kan kare yaranmu a coci

Salama a gare ku, iyaye da malaman katikisim.

Kafin a koma ajin yara ranar Asabar, ga abin da kwamiti ya tsayar. Babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko Fada ne, ko katikis, ko mai koyar da waƙa. Koyaushe manya biyu, ƙofa a buɗe.

In yaro ya kawo ƙara, ku saurare shi, kar ku tsare shi da tambayoyi, kar ku yi masa alkawarin rufe maganar. Ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ku kai ofishin Bishop a ranar, ku sanar da ƴan sanda. Na san wasunmu za su ce a rufa wa coci asiri. To, Fafaroma Francis da kansa ya rufe wannan ƙofa. Dokarsa ta 2019, Vos estis lux mundi, wadda aka tabbatar a 2023, ta wajabta wa kowane dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, ya buɗe hanyar karɓar ƙara, ta wajabta wa limamai da sistoci su kai rahoto, ta kuma hana a sa mai ƙara yin shiru ko a tsangwame shi. Har bishop ma ana bincikarsa.

Don Allah kar a sa sunan yaro, hotonsa, ko sunan wanda ake zargi a wannan rukuni. Za mu goge nan take. Mai magana ya kira sakatariya kai tsaye.