A riƙa amfani da rawa da wasan kwaikwayo wajen wayar da kai kan haƙƙin ɗan Adam

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda ake wayar da kan jama'a game da haƙƙin ɗan Adam. Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙoƙin nan, kowace 10 ga Disamba ana taro a otal ana jawabi, amma wanda ake zalunta ɗin sau da yawa ko karatu bai iya ba, to wa ake yi wa?

Wasan da ake yi da jiki ba ruwansa da yare. A Chile zamanin mulkin soja na Janar Pinochet, matan da aka ɓatar da mazajensu da 'ya'yansu sun riƙa taka rawar cueca, wadda asali mace da namiji ke yi tare, amma su kaɗai, hoton wanda ya ɓace maƙale a ƙirji, hannu na kaɗa hankici ga wanda babu shi. Wallahi ko ba ka jin Sifaniyanci ka gane saƙon. Shi kuma Augusto Boal, wani mai shirya wasan kwaikwayo ɗan Brazil, sai ya tsayar da wasa a tsakiya, ya ce ɗan kallo ya shigo ya maye gurbin wanda ake cuta ya gwada yadda zai ƙwaci kansa, nan take a yi ta muhawara.

Na san wasu na ganin rawa shirme ce, ni dai ban yarda ba. Roƙona ƙungiyoyi su ware wa masu wasan nan kuɗi, jaridarku ma ta riƙa ɗauko labarinsu.

Naka mai karatu a kullum.