Siginar Sama da Gardamar Majalisarmu a Jidda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran kayan lantarki ne a Jidda. Tun da labarin siginar rediyon nan mai faɗowa daga sararin samaniya kamar walƙiya, wadda masana ke kira FRB, ya iso majalisarmu ta bayan isha, ba mu huta ba. Wani direba, dattijo a cikinmu, ya kafe cewa wasu halittu ne ke kiran mu.

Na ce masa, Baba Alhaji, a bi a hankali. A cibiyar nazarin sararin samaniya ta Parkes a Ostareliya, wadda daga ajiyayyun bayananta na 2001 masanin taurari Duncan Lorimer da ɗalibinsa suka tono sigina ta farko a 2007, masana sun daɗe suna kama wata sigina mai kama da ita. Sai a 2015 asiri ya tonu: na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata. Mutum ya ƙosa, ya fizge ƙofa kafin ta tsaya, sai rediyo ya tsartu waje. Na sha dariya, don kusan kullum sai an kawo mini irin na'urar, maƙallin ƙofa ya karye saboda wannan gajen haƙuri.

Ta ainihin fa tana nan. Ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ƙarfinta ya kai abin da rana ke fitarwa a kwanaki. Ranar 28 ga Afrilu 2020, na'urar sauraron rediyon sama ta Kanada mai suna CHIME ta kama irinta a cikin gungun taurarinmu, daga wani magneta. Shi magneta gawar babban tauraro ce: man ya ƙare, tauraron ya tarwatse, cibiyarsa ta dunƙule ta koma kamar kilomita 20, da maganaɗisu na fitar hankali. Ali bin Ridwan ma ya ga fashewar tauraro a Masar a 1006, ya rubuta, sai dai ba irin mai barin magneta ba ce.

Inda nake roƙonku ku yi hattara shi ne kada a ce magana ta ƙare, wai duk siginar nan daga gawar manyan taurarin da suka fashe take fitowa. An kama wata mai maimaituwa a wani gungun taurari mai suna M81, cikin tsofaffin taurari tukuf, wurin da manya masu fashewa suka mutu tun tuni. To wa ya haifi abin da ke fitar da wannan siginar? Wasu masana na zargin haɗuwar matattun taurari biyu.

Don Allah ku nemo mana malamin ilimin taurari ya warware wannan da Hausa. Baba Alhaji ya ce ba zai karɓa daga bakin mai gyaran firji ba.

Naku,
Mai karanta ku daga Jidda, Saudiyya