Wasiƙar Zango Na Uku Ga Iyaye: Kwarin Bayan Katanga Da Itatuwan Da Muka Dasa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta, barkanku da warhaka. Ya muka ji da zafi? Mun gode wa Allah da ya dawo mana da yaranmu lafiya bayan hutu. Maganar jarrabawa da tufafi tana ƙasa, a taƙaice. Wannan karon mafi yawan zancena a kan kwarin da ke bayan katangarmu ne, da mutanen unguwa da suka tashi tsaye a kansa ba tare da an biya su ko sisi ba.

Duk wanda ya daɗe a Gombe ya san halin ƙasarmu. Garin a gangare yake, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin sakin jiki. Idan aka tafka ruwa a watan Agusta, na tudu kan sauko a guje ya haɗu da na rufin kwano da na kan kwalta, domin filin da zai tsaya ya nutse duk an gine shi. Inda ya sami 'yar tsaga, nan yake ci. Mutanen unguwannin Malam Inna da Kagarawal ba sai an ba su labari ba, sun ga abin da kwarin da ya taso ta wajen Jami'ar Jihar Gombe ya yi wa gidaje kafin a zo a gina shi ƙarƙashin NEWMAP, shirin gwamnati na magance zaizayar ƙasa, da tallafin Bankin Duniya. Na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) kuma sai a wani shirin irinsa da ya biyo baya, ACReSAL, aka kai kansa. Irin waɗannan aikin gwamnati ne, ba na shebur da baro ba.

Namu bai kai can ba tukuna, shi ya sa nake wannan magana yanzu. Lokacin da na fara aiki a nan, yara da ƙafa suke tsallake shi. Yau idan babban mutum ya sauka ciki, ko hularsa ba a hangowa. Kuma gaskiya ɗaya ce, da hannunmu a ciki. Mun mai da lambatu juji, ruwa ya rasa hanyarsa ya nemi wata. Ana ɗibar yashi a gindin gaɓa, ta zauna ba madogara, ruwan farko ya rusa ta. Itatuwan da saiwarsu ke riƙe bakin kwarin kuma sun tafi murhu.

Aikin gayyar unguwa

Wasu samari ne suka fara, yawancinsu tsofaffin ɗalibanmu. Suka je wurin mai unguwa, ya sa musu albarka, aka yi sanarwa a masallatai da coci. Tun daga lokacin, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, suna fitowa da sassafe da shebur da diga da manjagara su yashe magudanai. Sannu a hankali sai abin ya wuce samari. Wani bakanike ya kawo tsofaffin tayoyi aka jera su a inda ruwa ke dukan gaɓa. Masu shaguna suka tara buhunan siminti da na shinkafa da aka juye, aka cika su da ƙasa. Matan cikin gida suna aiko da kunu da ruwan sanyi, wata dattijuwa kuma, kakar wasu yaranmu, ba ta taɓa fashin zuwa da tsintsiyarta ba, ko da an ce mata ta zauna ta huta.

Na tsaya kusa da su wata Asabar suna buɗe kwalbatin da ke ƙofar makaranta. Abin da suka jawo daga ciki ya cika baro bayan baro: ledar fiya wata, robobin lemo, tsumma, kunzugun jarirai, matattun silifa, duk sun cakuɗe da baƙin laka. Wani yaro ɗan aji biyar ya ɗaga wata leda ya ce, "Malam, wannan irin ta biskit ɗin da muke saye ce." Ban ce masa komai ba, domin ya riga ya gane da kansa. A madadin malamai da hukumar makaranta, muna yi wa waɗannan bayin Allah godiya. Allah ya saka musu da alheri.

Abin da dashen bara ya koya mana

Gombe tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare kwararowar hamada tun daga Senegal har Jibuti. A 2019 kuma gwamnatin jiha ta ƙaddamar da nata, wanda kowa ya sani da 3G (Gombe Goes Green, wato mai da Gombe koriya), da burin dasa itatuwa miliyan ɗaya kowace shekara. Irin dashe dai ya samu a gari. Mu ma bara mun karɓo namu, muka jera su a bakin katanga da gefen kwari, aka ɗauki hoto, kowa ya tafi gida da farin ciki.

Da yawansu sun mutu, kuma laifin namu ne, ni ne kan gaba. Mun makara, sai da damina ta kusa ɗaukewa muka dasa, saiwa ba ta kama ƙasa ba hunturu ya shigo. Ba mu yi musu shinge ba, awaki suka cinye kan wasu cikin mako guda. Gara ta shiga wasu. Ragowar kuma zafin Maris da Afrilu ya gama da su a lokacin hutu, babu mai ba su ruwa.

Na bi waɗanda suka rayu ɗaya bayan ɗaya, na tarar kowannensu yana da mai shi. Akwai mangwaron da ke kusa da ajin 'yan firamare huɗu. Wata yarinya ce ta ɗauke shi nata. Ta samo gorar ruwa ta roba, ta huda gindinta da allura, ta binne ta kusa da saiwa, kullum da safe ta cika ta, ruwan yana tsiyaya a hankali har yamma. A cikin hutu yayanta ke kawo ta a keke. Akwai kuma bishiyoyin maina biyu da ke jikin masallacin makaranta, waɗanda maigadinmu ya haƙa wa 'yar hanya daga wurin alwala, ya kewaye su da ƙaya, yana barbaɗa musu toka saboda gara. Yau sun fi shi tsawo.

Saboda haka bana ba za mu yi gasar yawa ba. Ba za mu dasa itacen da ba shi da mai kula da shi ba. Kowane dashe za a rataya masa ƙaramin allo da sunan aji da sunan gidan da ya ɗauki nauyinsa, daga ranar dashe har daminar baɗi. Nauyin ba kuɗi ba ne: shinge na ƙaya ko tsohon kwando ko bulo, da ruwa sau biyu ko uku a mako idan rani ya shiga. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka, in babu sabulu da yawa, ya wadatar. Ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama masa sadaka. Itacen da ya rayu ne ake ci daga gare shi.

Za mu jira ruwa ya zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sannan mu dasa, da yamma idan rana ta yi sanyi. Rami ya kai zurfin kamu ɗaya, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, a kuma cire ledar kafin a sa dashen, wanda bara wasu suka manta. A cikin harabar makaranta muna son mangwaro da gwaiba da kashu da zogale, abin da yara za su ci moriyarsa. Maina inuwarta ba ta da na biyu, ga jure fari, amma a nesanta ta da gini domin saiwarta tana tsaga bango. A bakin kwari kuwa ciyawa ta fi itace saurin aiki. Muna neman jema da gamba, domin saiwar jema tana nutsawa ƙasa ƙwarai ta ɗaure rairayi. Iyayen da ke da gona ta wajen Dadin Kowa ko Kwadon, in akwai su a kusa da ku, ku taimaka mana da tushe.

Maganar leda

A zangon da ya wuce mun gayyaci wani mahaifi, mahauci ne, ya yi wa yara bayani. Ya gaya musu sau da yawa yakan yanka akuya ko tunkiya ramammiya, ya tarar da dunƙulen leda a tumbinta ya toshe wurin abinci, mai ita yana ta sayen dusa a banza. Ajin ya yi tsit, domin kusan kowane yaro akwai dabba a gidansu. Tun daga ranar muka ajiye buhu a kowane aji. Ledar fiya wata ba ma zubar da ita: yara kan yanke bakinta, su huda ƙasanta, su cika ta da ƙasa da taki, su saka ƙwallon mangwaro ko irin zogale. Gandun renonmu da ke bayan ofis duk da ita aka yi shi. Robobi da gwangwanaye kuma 'yan bola jari suna saye, kuɗin muna sa su a asusun sayen jarkoki. Muna roƙo a daina ƙona leda a tsakar gida, hayaƙinta yana tayar wa masu asma ciwo, kuma muna da irin waɗannan yara.

Wani abu da nake so kowace uwa ta nanata wa ɗanta: da zarar hadari ya haɗu, kada ya sauka cikin kwari, ko da a nan ba a fara yayyafi ba. Ruwan da aka yi a tudu yakan iso babu sallama. Yaran da ke ratsawa ta ciki don taƙaita hanya su zagaya ta titi, ba za a hukunta kowa kan makara a ranar ruwa ba. A ranakun gayya kuma ba ma barin yaro ya sa hannu a lambatu. Aikinsu tsintar leda da ban ruwa ne, yasa ta manya ce, da safar hannu da takalmin roba.

Sauran sanarwa

Wannan zango ne na jarrabawar ƙarin aji, a taimaka a rage wa yara aike da talla da yamma. A duba tufafi da takalma, a kuma tanadi abin rufe littattafai kafin ruwa ya sauka. Masu sauran biya su zo ofis mu yi magana, kada a tsare yaro a gida saboda haka.

Taron iyaye da malamai zai kasance Asabar ɗin ƙarshen wannan wata, bayan an tashi daga gayya. A nan za a rubuta sunayen gidajen da za su ɗauki itace. Mai shebur ko baro ya zo da shi, wanda ba shi da komai ya zo da kansa. Wanda uzuri ya hana shi zuwa ya rubuta amsarsa a bayan wannan takarda, ya ba yaro ya kawo wa malamin ajinsu kafin ranar Juma'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu.

Wassalam,
Shugaban makaranta, a madadin malamai.