Yadda 'yan ci-ranin Romaniya ke riƙe juna a Turai, da abin da ya shafe mu a Zariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi bayani a kan wasu mutane da ba kasafai jaridunmu ke ambatonsu ba, wato 'yan ƙasar Romaniya da ke zaman ci-rani a yammacin Turai. Da wuya ka sami unguwa a Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, wadda ba ta da yaran da suka tafi nema Legas ko Fatakwal ko Saudiyya, ga shi kuma garin kansa cike yake da baƙi. Tsarin da waɗancan mutane suka yi wa taimakon juna abu ne da za mu iya ɗauka mu yi aiki da shi.

Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci ta Shugaba Ceausescu a Disambar 1989, masana'antu da yawa sun rufe, mutane suka fara fita. A 2002 aka janye musu biza ta gajeriyar ziyara zuwa yawancin ƙasashen yammacin Turai, a 2007 ƙasar ta shiga Tarayyar Turai, a farkon 2014 kuma Birtaniya ta ɗage takunkumin aikin da ta sa musu. Ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 23 a 1990, ƙidayar 2021 ta same ta da kimanin miliyan 19, kuma ƙaura na cikin manyan dalilai. Italiya kaɗai tana da fiye da miliyan ɗaya. Sifen da Jamus kowacce na da sama da rabin miliyan, ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kuwa ta nuna mutum 539,000 da aka haifa a Romaniya. Harshensu dangin Italiyanci ne da Sifananci, shi ya sa waɗannan ƙasashe biyu suka fi jan su tun farko.

Kada wani matashi ya karanta wannan ya ɗauka kira ne zuwa hanyar Agadas. Fasfon Romaniya yana ba mai shi izinin zama da aiki a duk ƙasashen Tarayyar, namu kuwa ba ya bayarwa. Abin lura shi ne, duk da wannan gata, wanda bai san hanya ba cutarsa ake yi.

Cutar tana farawa ne daga takarda. A Jamus, doka ta ce wanda ya tare a gida ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin kwana 14, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan. Bayan rajistar ne lambar haraji take zuwa ta gidan waya. To, baƙo ya sauka a ɗakin da mutum shida ke kwana, wanda ya kama hayar ya ƙi ba da shaida domin shi ma mai gida bai san ya cusa mutane ba. Babu rajista, babu lambar haraji, sai a riƙa yanke masa haraji mafi tsada, buɗe asusun banki ya zama wahala, daga nan sai ya faɗa hannun mai biya a tafin hannu ba tare da kwantiragi ba. Ranar da ya faɗo daga saman gini, babu takardar da ta nuna ya taɓa aiki a wurin. A Sifen, rajistar zama a ƙaramar hukuma ita ce ake tambaya wajen katin asibiti da sa yaro a makaranta. A Italiya, lambar haraji kyauta ake bayarwa, amma akwai 'yan tsakani, galibi 'yan ƙasarsu, da ke karɓar kuɗi a kanta daga wanda bai ji harshe ba.

Saboda haka aikin sa-kai mafi amfani a cikinsu ba rabon abinci ba ne, rakiya ce. Wanda ya daɗe a gari ya ɗauki sabon zuwa zuwa ofis, ya yi masa tafinta, ya karanta masa kwantiragi kafin ya sa hannu. Ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi suna da ƙa'ida: mai rakiya ba ya karɓar ko sisi, ba ya riƙe fasfo ko katin shaidar kowa, kuma ba ya mayar da kansa lauya. In magana ta kai ga albashin da aka danne, sai a miƙa mutum ga masu aikin, kamar ofisoshin Faire Mobilität na haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon Jamus, inda ake ba da shawara kyauta da harshen Romaniya. Nasihar da ake nanata wa lebura ita ce ya sayi ƙaramin littafi, kullum ya rubuta lokacin da ya fara, lokacin da ya tashi, hutun da ya yi da wurin da ya yi aikin. Mafi yawan ƙorafin albashi yana mutuwa ne saboda ma'aikaci ba shi da abin nunawa sai bakinsa. A Yunin 2020 korona ta kama ma'aikata sama da 1,500 a wata babbar mahauta a yammacin Jamus, da yawansu 'yan Romaniya da aka ɗauko ta hannun 'yan kwangila aka jibge a ɗakuna. Daga Janairun 2021 Jamus ta hana manyan mahautai ɗaukar masu yanka da fiɗa ta hannun 'yan kwangila.

Waɗanda suka fi ba mu tausayi su ne matan da ke jinyar tsofaffi a gidajen Italiya. Mace ta bar 'ya'yanta wajen kaka, ta tare a gidan wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, tana yi mata wanka, tana juya ta cikin dare. Yarjejeniyar aikin gida ta ƙasar ta ƙayyade awa 54 a mako ga mai kwana a gidan aiki, da hutun awa 36, yawanci ranar Lahadi da rabin wani yini. A aikace, wadda ke kwana a ɗaki ɗaya da majinyaci ba ta da lokacin tashi. Ranar da tsohuwar ta rasu kuwa, aiki da makwanci suke tafiya tare. Likitocin ƙwaƙwalwa a Romaniya suna karɓar matan da suka dawo da rashin barci da baƙin ciki mai tsanani, har ana kiran abin ciwon Italiya. Abin da masu sa-kai ke yi a nan ƙarami ne a ido: wurin zama ranar hutu, gado na 'yan kwanaki tsakanin aiki da aiki, da wata mace da za ta tsaya wa 'yar'uwarta na yini guda ta samu ta je asibiti. Ita kuma Romaniya ta yi doka cewa iyayen da za su fita aiki su sanar da hukumar jin daɗin jama'a aƙalla kwana 40 kafin tafiya, su bayyana wanda zai riƙe yaran. Duk wanda ya san halin matanmu masu aikatau a Saudiyya da yaran da suke bari a baya, ya san wannan doka ba ta yi mana nisa ba.

Cibiyar yawancin wannan aiki coci ce. Cocin Orthodox na Romaniya yana da majami'u masu yawa a Italiya da Sifen, da dama a gine-ginen da Katolika suka ba su aro. Bayan ibada ake jin inda ake neman ma'aikaci, ake tara kuɗin mayar da gawa gida, ake koya wa yara harshen iyayensu. Tun 2007 gwamnatin Romaniya ke biyan malamai su koyar da harshe da al'adun ƙasar, awa biyu a mako, a makarantun Italiya da Sifen.

Amma a ganinmu, matakin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da suka fara yi wa mutanen gari hidima, ba 'yan ƙasarsu kaɗai ba. A ƙarshen 2007, bayan wani ɗan Romaniya ya kashe wata mata a birnin Rum, gwamnatin Italiya ta fitar da dokar gaggawa ta kora, aka riƙa kallon al'umma guda da laifin mutum ɗaya. Irin wannan tabo ba a wanke shi da taron manema labarai. Ana rage shi ne idan maƙwabci ya gan ka cikin rigar Red Cross, ko kana raba abinci a kicin ɗin Caritas, ƙungiyar agaji ta Katolika, ko kana kwance a gadon ba da jini na AVIS, ƙungiyar masu ba da jini ta Italiya. Sharuɗɗan jinin a bayyane suke: shekara 18 zuwa sama, nauyin kilo 50 aƙalla, ana ɗibar mililita 450, namiji ya jira kwana 90 kafin ya sake. Daga nan wasu suka shiga zaɓen ƙananan hukumomi. A 2021 aka zaɓi Alexandra Bulat, haifaffiyar Romaniya, kansila a majalisar gundumar Cambridgeshire a Ingila.

Kafa ƙungiya a can ba ya bukatar taron jama'a. Mutum bakwai sun isa a yi rajista a Jamus, haka ƙungiyar sa-kai a Italiya, a Sifen ma uku. Italiya ta wajabta yi wa masu sa-kai inshora, kuma wanda zai yi aiki da yara a Jamus ko Ingila sai an binciki ko yana da tarihin laifi. Abin da ke kashe ƙungiyoyin kuwa mun san shi a nan gida. Kuɗi ya zauna a asusun mutum ɗaya, zargi ya shigo. 'Yan siyasar gida su zo lokacin zaɓe su raba kan mutane. Ko kuma aiki duka ya rataya a wuyan mace ɗaya mai himma, ranar da ta gaji shi ke nan.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Muna da zango a Kumasi da Accra, muna da Sabo a Ibadan, muna da Sarkin Hausawa da mai masauki, ga 'yan agaji a kowane masallacin Juma'a. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rubutu da jadawali. Yaron da zai tafi Legas ya bar kwafin katin ɗan ƙasa da lambar wanda zai sauka wajensa a hannun iyayensa ko mai unguwa. Matar da za ta fita aikatau ta rubuta wanda ta bar wa 'ya'ya a gaban shaidu biyu, ta kuma ajiye kwafin fasfo da na kwantiragi a gida. Asusun ƙungiya kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Su kuma shugabannin Hausawa a kudu su duba wace hidima mutanensu ke yi wa garin da suke zaune, ban da ciniki.

Baƙin da ke cikinmu ma suna da irin wannan bukata. Iyalan da rashin tsaro ya koro daga yankunan Birnin Gwari da Giwa da yawa sun baro takardun haihuwar 'ya'yansu, suna bukatar wanda zai raka su ofishin hukumar ƙidaya da makarantar firamare. Marasa lafiya na zuwa asibitin koyarwa na Shika daga ƙauyuka masu nisa, a miƙa musu fom da Turanci, a ce su kawo jini, alhali ba su san kowa a gari ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da 'yan agaji da matasan cocin Sabon Gari za su iya buɗe rajista guda ta masu ba da jini, mai ɗauke da suna da lambar waya da rukunin jini da ranar da mutum ya bayar na ƙarshe, domin kada a kira wanda bai cika wata uku ba. A ɗora mutum biyu a kan waya kowane mako, a riƙa sauya su, kuma a sanar da ma'ajiyar jinin asibitin tun daga ranar farko.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin sa-kai,
Tudun Wada, Zariya.