Abin da na gani a wani tsohon wurin bauta a Guangzhou, da maganar Gobarau

Yallaɓai Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan tsofaffin gine-ginenmu na Katsina, amma ta Chana zan biyo, a yi haƙuri da ni. Ni ɗan kasuwa ne, muna zuwa Guangzhou saro kaya, kuma duk wanda ya san harkar ya san yadda muke yi, daga otal a unguwar Xiaobei sai kasuwa sai wajen masu lodin kwantena sai filin jirgi, mutum zai shekara da shekaru yana zuwa garin bai san garin ya haura shekara 2,000 da kafuwa ba. A tafiyar da na yi ta baya kaya suka yi jinkirin fitowa, sai na ce bari in je in yi sallah a masallacin Huaisheng, wanda ake lissafawa cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar. Mutanen wurin suna danganta shi da Sayyidina Sa'adu bin Abi Waƙƙas, duk da mu abin da muka karanta a Baƙi'a aka rufe shi a Madina. Hasumiyarsa mulmulalliya ce ba ado, tsayinta wajen mita 36.

Daga nan tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa wani wurin bautar mabiya addinin Buddha da ake kira Liurong. Na san wasu za su ce me ya kai Bakatsine ɗakin gumaka, to ban rusuna wa kowa ba, ban kunna turare ba, kallo na je yi, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na baya ya kasance.

Wurin ba wani babba ba ne wallahi, yana maƙale a tsakiyar dogayen benaye da shaguna, in ba don hasumiyarsa ba sai ka wuce ba ka lura ba. An fara gina shi a 537, wato tun kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Hasumiyar mai kusurwa takwas ce, tsayinta kusan mita 57, in ka tsaya a waje hawa 9 za ka ƙirga amma ta ciki hawa 17 ne. A babban zauren akwai gumaka uku na tagulla da aka zuba a 1663, kowanne ya kai mita 6, tsofaffin mata suna ta sunkuyawa gabansu da tsinken turare a hannu, masu hidimar wurin kuma kai a aske ƙwal suna ta kai da kawo, wani na shara wani na goge tagogi. Sunan wurin ma wani mawaƙi ne Su Shi ya jawo shi, ya zo a 1100 ya ga itatuwa shida dangin cediya a harabar ya rubuta hakan, wato Liurong da harshensu, shi ke nan sunan ya bi wurin har yau, su itatuwan na asali sun daɗe da mutuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ginin da ake kallo yau ba shi ne na 537 ba. Gobara ta ci shi, aka sake gina wurin a 989, hasumiyar kuma a 1097, daga nan gyara bai yanke ba, wannan zamani ya gyara wancan ya gyara, kuma duk an rubuta an kafa a allo da harshensu da Turanci, ba sa jin kunyar cewa ya taɓa rushewa. Ashe ba ƙarfin gini ne ya kawo shi yau ba, hannu ne ba a taɓa ɗaukewa daga kansa ba.

To mu dawo gida. Hasumiyar Gobarau tsayinta wajen mita 15 ne, da ƙasa aka gina ta, tarihi na danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta haura shekara 500, kuma wuri ne da aka yi karatu, garin da Shehu Magili ya sauka, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Kowa na alfahari da ita a baki, hotonta na kan kalanda da tambarin ƙungiyoyi, amma tambayi yaron da ke zaune a cikin birni ko ya taɓa zuwa gindinta, da yawa za su ce a'a. Ganuwa kuwa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya zaga daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Sauri ya ga yadda gidaje suka cinye ta, wani wurin an kwashe ƙasar an yi tubali, wani wurin ya zama juji, kuma mu ne dai muka yi ba baƙi ba.

Za a ce ai su da bulo da katako suka yi, namu ƙasa ce ruwa ke ci. Gaskiya ne, amma ai kakanninmu sun san haka shi ya sa suke yaɓe duk bayan damina, ana sa makuba, ana gyara indararo, akwai Sarkin Magina da yaransa da suka gaji aikin. Babban masallacin Djenne a Mali ƙasa ce zalla, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara mutanen gari ke fitowa maza da mata da yara su yaɓe shi a gayya kamar ranar sallah. Mu kuwa da an ce gyara sai a kawo siminti a lafta a kan ƙasa, alhali duk magini ya san siminti ba ya zama da jar ƙasa, danshi yake riƙewa a ciki, bayan 'yan shekaru ya ɓamɓare ya taho da bangon gaba ɗaya. Kyau ne na ɗan lokaci kawai don a ɗauki hoto.

Ni ba cewa nake a jira baƙi 'yan yawon buɗe ido ba, da halin tsaron da ake ciki wa zai zo. Don 'ya'yanmu nake magana. A sa rana ɗaya a shekara bayan an ɗauke ruwa, masu unguwanni su yi shela, matasa su fito, tsofaffin magina su tsaya a kan aikin a biya su haƙƙinsu, mu 'yan kasuwa mu kawo kuɗin ƙasa da ruwa da abinci, ni kam a shirye nake. A kafa allo da Hausa, boko da ajami, a gindin Gobarau da kowace ƙofa, a rubuta wanda ya gina da lokutan da aka gyara. Makarantun firamare da islamiyyu su riƙa kai yara, haka ma rijiyar Kusugu a Daura da tsohon ginin Kwalejin Katsina.

Kuma Yallaɓai, ina roƙon ka tura wakilinka ya nemi tsofaffin maginan ƙasa da suka rage a cikin birni ya tattauna da su, yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, kwana nawa take kwana kafin a ɗora, yadda ake ɗaurin guga da azara, a buga a jarida kashi-kashi, don yawancinsu sun manyanta kuma 'ya'yansu sun koma aikin bulo.

Na gode.

Daga wani mai karatu,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.