Mujallar Angilika da Ɗan Kance da Muka Manta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni Musulmi ne, tsohon mushen lakwal a nan Damagaram. Maƙwabcina kuwa Kirista ne ɗan ɗarikar Angilika, daga Najeriya ya zo yana sayar da kayan babur kusa da Kasuwar Dole. Ran nan bayan la'asar muna shan shayi a ƙofar shagonsa, sai ya miƙo mini wayarsa, gilashinta duk a tsage, ya ce, "Mushe, ka ga mujallar tauhidin cocinmu, ta girmi kakanka."

Da na bincika, na tarar da gaskiyarsa. A Ingila aka fara buga ta a 1879 da sunan The Churchman, a farko duk wata, daga baya sau huɗu a shekara, kuma ƙungiyar Church Society ce ke riƙe da ita. Yaƙin duniya na farko ya zo ya wuce, na biyu ma haka, ba ta mutu ba. Sai a 2020, bayan shekara 141, aka sauya mata suna zuwa The Global Anglican, tunda yau masu cika cocin Angilika ran Lahadi sun fi yawa a Afirka, musamman Najeriya, ba a Ingila ba.

Aƙidarsu tasu ce, tawa tawa ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan ke adana takarda. Saboda wannan hali nasu ne yau muke da labarin wani ɗanmu da mu kanmu muka manta.

Dorugu nake nufi. A Dambanas aka haife shi, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Kukawa a ƙasar Borno, inda wani Bature matafiyi, Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, abokin tafiyarsa, Bature Barth, ya ci gaba da tafiya da Dorugu, har suka isa Ingila a 1855. Can ya zauna wurin Schön, Bajamushe mai yi wa mishan ɗin Angilika ta CMS aiki. Yaron yana ba da labari da Hausarmu, Schön yana rubutawa: garinsu, ranar da aka raba shi da iyayensa, hanyar hamada, abin da ya gani a ƙasar Turawa, har da tatsuniyoyi. Wannan bakin nasa ya shiga nahawun Schön na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Ɗan talakan Damagaram ke nan, kalmominsa na cikin tubalan farko na rubutun boko. Ya koma ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912.

Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ambata sunansa a aji ba, don ni ma ba wanda ya ambata mini. Wannan yana ci mini rai.

A daren nan na buɗe adakar mahaifina, Allah ya jiƙansa, inda wasiƙunsa na ajami suke. Gara ta riga ni. Na ɗaga ɗaurin farko, sai ya zube mini a tafi kamar dusa, sauran bismilla da rabin sunan wani fatake na Agadas.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Ku ware shafi ku buga labarin Dorugu da bakinsa, kashi-kashi, yaranmu su karanta. Sannan malaman Jami'ar André Salifou su turo ɗalibai gida-gida a Birni da Zango, su ɗauki hoton abin da ya rage a adakun tsofaffi. Ɗauri uku sun tsira a tawa, na naɗe su a leda, duk ranar da suka zo zan ba su.

Naku,
Wani tsohon mushe,
Unguwar Birni, Damagaram